Zanen Ƙwarya a Adamawa: Fasahar Mata da Ke Neman Magada

Zanen ƙwarya na daga cikin tsofaffin fasahohin gargajiya da aka san yankin Adamawa da su, musamman a tsakanin Fulani da Bata da Yungur da Ga'anda. A mafi yawan waɗannan al'ummomi sana'ar mata ce, uwa na koya wa 'yarta, ita kuma ta miƙa wa na baya.

Yadda ake yin sa

Daga duma ake samun ƙwarya. Idan ya ƙosa sai a cire shi, a bar shi ya bushe, a fafe shi gida biyu, a kankare cikinsa. Siffar duman ce ke nuna abin da za a yi da shi: masaki ko ƙwarya ko ƙoƙo ko ludayi ko gora. Da Fulatanci ana kiran ƙwarya tummude, ludayi kuwa horde.

Manyan hanyoyin zanen biyu ne. Ta farko ita ce ƙonawa, inda ake sa wuƙa ko tsinken ƙarfe a garwashi har ya yi zafi, a riƙa jan layuka a bayan ƙwaryar, su fito baƙi a kan ruwan ɗorawa. Ta biyu ita ce karcewa da ƙarfe mai tsini ba tare da wuta ba, sannan a goga baƙin tukunya haɗe da mai, ko farar ƙasa, domin zanen ya fito fili.

Matsayinta a rayuwa

Amfanin ƙwarya bai tsaya ga tatsar nono da dama fura ba. Ƙoren da aka ƙawata na cikin kayan ɗakin amarya, kuma yawansu da kyansu kan nuna gatan da take da shi. A wurin Ga'anda, da ke Ƙaramar Hukumar Gombi, wasu siffofin zanen sun yi kama da tsagar jiki da ake kira Hleeta, wadda ake yi wa 'yan mata daki-daki kafin aure. Da aka daina tsagar, ƙwarya ta zama ɗaya daga cikin wuraren da siffofin suka tsira.

Masana sun daɗe da lura da wannan fasaha. A 1977 T. J. H. Chappel ya wallafa littafi a kan ƙoren arewa maso gabashin Nijeriya, sannan a 1986 Marla Berns da Barbara Hudson suka fitar da nasu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a Amurka.

Barazanar da take fuskanta

A kasuwannin Jimeta da Yola, birnin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, har yau ana sayar da ƙwarya, amma roba da kwanon silba sun karɓe yawancin aikinta saboda arha da ƙarko. Idan ƙwarya ta daina shiga jeren ɗaki, buƙatar mai zane kan ragu, haka ma aikin gyartai. Gidan tarihi na iya adana ƙwaryar, amma ƙwarewar hannu ba ta ajiyuwa sai da masu koyo.

Darasi daga Indiya

Al'ummar Maithili da ke Jihar Bihar ta Indiya da kudancin Nepal na da makamanciyar wannan fasaha. Matansu kan yi zane a bangon ɗaki lokacin aure da bukukuwa, wanda aka sani da zanen Mithila ko Madhubani. Sa'ad da fari ya afka wa yankin a shekarun 1960, hukumar kula da sana'o'in hannu ta ƙasar ta ƙarfafa musu gwiwa su mayar da zanen kan takarda domin sayarwa. Ta haka ya zama hanyar samun abinci, ya kuma kai ga kasuwannin duniya.

Adamawa ba baƙuwa ba ce a fagen kayan tarihi, domin Sukur da ke Ƙaramar Hukumar Madagali ne wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Abin da zanen ƙwarya ke buƙata shi ne kasuwar da za ta biya masu yin sa daidai wahalarsu, da kuma rubuta sunayen zane-zanen da ma'anoninsu tun dattawan da suka san su suna raye.