Na'urar Manchester ta 1953, lokacin da kwamfuta ta fara rabuwa da kwalba

Duk wanda ya tashi da rediyo mai batir a kusa da kunne, yana jin labaran safe kafin a fita gona ko kasuwa, ya ci moriyar transista ko da bai taɓa ganinta ba. Ita ce ta sauko da rediyo daga kan tebur har ya shiga aljihu. Amma kafin ta kai ga haka, sai da wasu matasa a Ingila suka ɗora mata nauyin da mutane da yawa ke ganin ba za ta iya ɗauka ba.

A wancan zamani kwamfuta ɗaki ce guda. ENIAC, wadda aka ƙaddamar a Jami'ar Pennsylvania a Amurka a 1946, tana aiki ne da kwalaben lantarki kusan 18,000, masu kama da ƙwan fitila, tana shan wuta kilowat 150. Kwalba kuwa zafi gare ta, kuma ƙonewa take yi. Sai a Disambar 1947 John Bardeen da Walter Brattain, a ƙungiyar William Shockley da ke ɗakin binciken Bell, suka fito da transista, wadda ke kunna wuta da kashe ta kamar kwalba, ba tare da wannan zafin ba.

Transistar farko ba abin dogaro ba ce. 'Yan wayoyi biyu ne sirara, bakinsu na taɓa ɗan ƙanƙanen dutsen jamaniyom. Wata ta yi aiki yau, gobe ta ƙi, kuma da wuya a samu biyu masu hali ɗaya. Da irin wannan kayan ne Tom Kilburn na Jami'ar Manchester ya sa Richard Grimsdale da Douglas Webb su gwada haɗa kwamfuta. Kilburn ba baƙo ba ne a harkar, don shi da Freddie Williams ne suka gina ƙaramar na'urar nan ta 1948 da ake kira Baby.

Ranar 16 ga Nuwamba, 1953, na'urar ta gudanar da aikinta na farko. Transista 92 ne a cikinta, da dayod 550, wato 'yan na'urorin da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, ma'ajiyar bayananta kuma wata ganga ce mai maganaɗisu da ke juyawa. Gangar ce ta sa take tafiyar hawainiya, domin dole lissafi ya jira ta zagayo da lambar da ake nema. A Afrilun 1955 suka kammala babbar, mai transista 200 da dayod 1,300. Wat 150 kawai take sha, alhali yayarta mai kwalabe, Manchester Mark 1, kilowat 25 take buƙata. Sai dai kusan duk bayan awa ɗaya da rabi mai transistar takan tsaya da wata matsala.

Wannan awa ɗaya da rabin ya fi komai taɓa ni a labarin. Mutum ya san injinsa zai mutu kafin ya gama shan shayi ya dawo, amma ya zauna ya gyara, ya sake kunnawa, domin ya hango abin da ke gaba. Kamfanin Metropolitan-Vickers ma ya hango: ya ɗauki tsarin, ya sauya zuwa sabuwar transista mai ƙwari, ya fito da Metrovick 950 a 1956.

Har yau ana ja-in-ja kan wace ce kwamfutar transista ta farko. Amurkawa na nuna TRADIC, da ɗakin binciken Bell ya kammala wa sojan saman ƙasar a Janairun 1954. Amma ita da ta Manchester duk sun bar 'yan kwalabe a sashen da ke ba injin bugun da yake tafiya a kai, shi ya sa wasu ke miƙa kambun ga CADET ta cibiyar binciken nukiliya da ke Harwell a Ingila, wadda ta tashi a 1955 babu kwalba ko ɗaya. A ganina Manchester ce ta buɗe ƙofar, kuma ragowar kwalaben ba su rage mata komai ba.

Akwai wadda ba na son a manta da ita. A Biyana, babban birnin Ostiriya, Heinz Zemanek da ɗalibansa sun gina tasu ba tare da wani kuɗin kirki ba, da transista kusan 3,000 da kamfanin Philips ya ba su kyauta. Amurka na da injina masu suna irin su Whirlwind, wato guguwa, sai Zemanek ya raɗa wa tasa Mailüfterl, iska mai laushi ta watan Mayu. A watan Mayun 1958 kuwa ta fara lissafi, kuma tana nan ajiye a gidan tarihin fasaha na birnin.