Motar da ke gudu a karkace: tarihin tayar baya ta hagu

Idan ka taɓa cin karo da bidiyon tseren motoci a kan ƙasa a Amurka, ƙila ka ga mota ta shiga kwana a karkace, bayanta na hagu ya ɗaga, tayar gaba ta hagu tana lilo a iska. Za ka ɗauka wani abu ya karye. Babu abin da ya karye, da gangan aka ƙera ta haka, kuma an ɗauki shekaru kusan arba'in ana gwaji kafin a iso nan.

Ajin motocin shi ake kira Late Model, wato sabuwar ƙira, domin a farko motocin kasuwa ne na yayi ake cire musu kujeru a shiga tsere da su. Filin zagaye ne na yumɓu, yawanci bai wuce rabin mil ba, kuma hagu kaɗai ake juyawa. Mafi shahara shi ne Eldora a jihar Ohayo, wanda Earl Baltes ya buɗe a 1954, inda ake gasar World 100 tun 1971.

Matsalar duk tana cikin ƙasar ne. Da yamma an yayyafa ruwa, yumɓu na da danƙo, taya tana kamawa. Kafin tseren ƙarshe motoci sun daddaɓe shi ya bushe, ya yi baƙi, ya yi santsi kamar an goge siminti. To ka ɗora injin mai ƙarfin doki sama da 800 a kan motar da nauyinta ya ɗan haura kilo 1,000, ka taka totur a kan wannan santsin. Tayoyi juyawa kawai za su yi a wuri ɗaya. Ƙarfi akwai shi har ya yi yawa, wanda ya iya kai shi ƙasa shi ke cin kuɗin.

A shekarun 1970 sifirin mai falle-falle, irin na bayan a-kori-kura, shi ke riƙe da gatarin baya, wato sandar da ke haɗa tayoyin baya biyu. Yana da juriya, amma ba ya ba makaniki damar sauya abu mai yawa. Daga nan maƙera irin su C.J. Rayburn na jihar Indiyana suka fara ƙera ƙashin mota daga bututun ƙarfe musamman don tsere. A farkon shekarun 1980 aka koma neman taimakon iska: bodi ya zama kamar bakin gatarin faskare, da manyan allunan roba a gefe. Kuɗi ya yi yawa, kamannin mota ya ɓace, masu shirya gasa suka sa doka a tsakiyar shekarun. Da aka toshe wannan hanyar, sai hankali ya koma ƙarƙashin mota.

Nan ne labarin ya yi daɗi. Aka fito da tsarin sanduna huɗu: biyu a kowane gefe, suna haɗa ƙashin mota da wani zobe da ke juyawa a jikin gatari. Kanikawan can suna kiran zoben kejin tsuntsu. A ƙarshen shekarun 1990 direba Skip Arp, da motar kamfanin GRT, ya shahara da wani sauyi da a ido bai kai ya kawo ba: ya mayar da sifirin ɗin hagu daga gaban gatari zuwa bayansa.

Ka bi ni a hankali. A kwana, nauyi yana komawa dama, tayar baya ta hagu ta yi sakayau, ta daina kama ƙasa. Amma a wannan tsarin, idan gefen hagu ya ɗaga, sandunan suna miƙewa sama, zoben ya juya ya matse sifirin ɗin da ke bayansa. Turin da taya ke yi gaba sai ya bi ta sandunan ya ƙara ɗaga bodi, nauyin bodin kuma ya danne tayar a ƙasa. A lokaci guda sandunan suna janyo tayar hagu gaba kaɗan, gatarin ya karkace, bayan mota ya taya sitiyari juyawa. Ga kuma ribar ƙafa: bayan da ya ɗaga yana tura allon da ke wutsiyar mota cikin iska, iskar ta ƙara danna ta. Ni a ganina wannan ribar ce ta fi tayar da rigima daga baya.

Tayoyin ma ba girmansu ɗaya ba. Ta baya ta dama tana kai inci 92 a kewaye, ta hagu kuma ta gaza ta da 'yan inci. Kwantar da bokiti a ƙasa ka gangara shi, za ka ga yana lanƙwasa zuwa ɓangaren gindinsa, dabarar kenan. Iskar ciki kaɗan ce, ba ta kai rabin ta motar gida ba, don roba ta baje. Kuma kafin tsere za ka tarar da ma'aikaci zaune da wuƙa mai zafi yana yanka layuka a jikin taya: manya don su ƙwaƙuli ƙasa, ƙanana don roba ta yi saurin ɗumi. Wasu kuma suna jiƙa taya da sinadari don ta yi laushi, shi ya sa ake yankar ɗan guntu a kai ɗakin gwaji. Direbobi sun sha rasa nasara da kuɗinta bayan sakamako ya fito.

A 2015 injiniya Kevin Rumley ya haɗa wa Jonathan Davenport wata na'ura a wannan kusurwar ta hagu. Davenport ya cinye World 100 da kambun gasar Lucas Oil, daga baya aka haramta na'urar. A 2018 mai shirya gasa Ray Cook ya kawo dokar da ta iyakance tsayin da bayan mota zai iya kai, saboda motocin da suka ɗaga sosai sun fi saurin kifewa idan suka ci tuntuɓe da rami. Gasar World of Outlaws ta ɗauki dokar a 2020. Yanzu bayan tsere ana sa jak a ƙarƙashin motar da ta yi nasara, a ɗaga har tayar hagu ta rabu da ƙasa, jami'i ya ɗora awo. Idan ta wuce ƙa'ida ko da kaɗan ne, hukunci ya hau kan direban.