YADDA AKE GANE GWANIN SANA'A A ƘASAR DAMAGARAM, DA CAN DA YANZU

  

Kowa ya san wani kashi na kuɗin da kuke zubawa a asusun ƙungiya yana tafiya ne wajen kai yaranmu koyon sana'a, waɗansu a lakkol, waɗansu a gareji ko wajen kafinta. To, in yaro ya dawo ya ce ya iya, da me za mu gane? Waɗansu cikinmu sun ce a duba takardarsa. Waɗansu sun ce takarda ba ta taɓa gyara famfon rijiya ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu waiwayi yadda kakanninmu suka yi da wannan al'amari, ko ma sami abin kamawa.

ZAMANIN SARAKUNA

Sarautar Damagaram ta kafu a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da fada Zinder, garin kuwa ya zama mahaɗar ayarin da ke tsakanin Kano, Kukawa, Agadas da Tarabulus. Baturen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Zinder a watan Disamba na 1852, ya tarar da ita gari ne na fatauci. Inda fatake suka taru kuwa, nan masu sana'a ke taruwa.

Kamar yadda yake a Kano da Katsina, kowace babbar sana'a tana da shugabanta: Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Fawa, Sarkin Aska. Shi ke tara mutanensa in fada tana da aiki, shi ke karɓar abin da aka ɗora wa sana'ar, shi ke raba gardama tsakanin mai aiki da mai kaya. In aiki ya ɓaci, shi za a kira gaban sarki. Don haka bai yarda ya sa hannun wanda bai gwada ba cikin aikin da zai jawo masa kunya. Wannan tsoron kunya shi ne tushen jarrabawar da can.

Ba a keɓe wata rana ɗaya aka ce yau ce ranar jarrabawa ba. Hawa-hawa ake yi. Ɗan maƙeri yakan fara da ɗauko gawayi da zuga. Zai shekara yana riƙe da zugazugi yana kallon wuta, har idonsa ya san bambancin ƙarfen da ya yi ja da wanda ya nuna sosai. Sa'an nan a ba shi masaba ya riƙa bugu inda uban ya nuna masa. Daga nan a bar shi ya ƙera ƙananan abubuwa, kamar basilla da ƙusa da 'yar wuƙa. Sai an ga hannunsa ya faɗa za a yarda ya zauna gaban uwar maƙera da awartaki, ya ƙera hauya ko gatari. Kowane mataki gwaji ne, wanda bai ci na ƙasa ba kuwa ba ya taka na sama.

Mai yanke hukunci na ƙarshe shi ne manomi. Zai ɗauki hauyar ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararta, ya duba bakinta, ya tafi da ita gona. In ta kai kaka ba ta tsage ba, ba ta lanƙwashe ba, baɗi zai dawo da maƙwabcinsa. In ta karye ana tsakiyar noman fari, kafin kasuwa ta zagayo ƙauyuka biyar sun ji sunan wanda ya ƙera ta.

Haka abin yake ga majema. Fatar akuya sai an jiƙa ta da toka gashi ya fita, a kankare ta, a sa ta cikin ruwan bagaruwa har jima ta ratsa ta, a shafa mai, sa'an nan a rina da karan dafi in ja ake so. Baduku ba ya tambayar majemi shekara nawa ya yi yana koyo. Ninke fatar yake yi ya murza ya ga ko fuskarta za ta tsage, ya yanki gefe ya duba ko cikinta ya jemu ko da sauran ɗanye. Fataken Gadamus da ke Zango sun fi shi tsanani, domin fatar da za ta yi watanni bisa raƙumi kafin ta kai Tarabulus, in jimarta ba ta kai ba, asara ce tasu. Irin waɗannan fatun ne Turawa suka riƙa saye da sunan fatar Maroko, alhali daga ƙasashenmu suka fito. Magini kuma, damina ce alƙalinsa. Gidajen Birni masu zane a fuska da ke tsaye har yanzu shaida ce ta waɗanda suka ci wannan jarrabawa.

IGWAR TANIMU

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 30, ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, shi kuma ya tara bindigogi har Damagaram ta gagari maƙwabtanta. Masu tarihi sun ambaci bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40. Abin da ya kamata yaranmu su sani shi ne, a nan Zinder aka riƙa zuba igwa, a nan aka riƙa haɗa albarushi. André Salifou, ɗan Zinder, ya rubuta tarihin wannan zamani cikin littafinsa kan Damagaram da ya fito a 1971.

Ku duba irin gwanintar da aikin ke bukata. Sai an narkar da ƙarfe mai yawa lokaci guda, a zuba shi cikin mazubi ba tare da ya huce a hanya ba. In iska ta maƙale a ciki ta bar rami, ido ba zai gani daga waje ba. Ranar da aka ɗura albarushi aka sa wuta, nan ramin zai bayyana, igwar ta fashe ta hallaka masu harba ta maimakon abokan gaba. Albarushi ma haka: gawayi da farar wuta da gishirinsa, in awo ya kauce, ko ya ƙi tashi ko ya yi ɓarna. A aiki irin wannan ba a ɗaukar mutum don ɗan wane ne. Aikin da kansa yake fallasa mai shi.

Amma kada mu ɗauka hanyar da can ba ta da aibi. Sana'a gado ce, ɗan manomi mai basira da wuya ya sami shiga maƙera. Gwanaye da yawa sun ɓoye asirin aikinsu har suka tafi da shi kabari. Bayi sun yi aiki mai yawa a wannan zamani, suka ƙware, amma sunan na iyayen gijinsu ne. Kuma shaidar gwani ba ta wuce inda aka san fuskarsa ba. In ya bar ƙasarsa, sai ya sake farawa daga ƙasa.

ZUWAN TAKARDA

A watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci rundunar Sarki Ahmadu Kuren Daga a Tirmini, suka shiga Zinder. Ƙera igwa ya ƙare daga nan. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, fataucin hamada ya mutu, kaya suka juya kudu. Ƙarfen Turai da tarkacen mota suka maye gurbin tama, har aka wayi gari masu iya narka ta sun ƙare. Zinder ta riƙe matsayin babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mai da shi Yamai. Nasara yana son magina da kafintoci da masu gyaran mota a bariki, amma bai san kowa ba, bai kuma jin abin da ake faɗi a kasuwa. Don haka takarda yake tambaya.

Takardar da aka fi sani ita ce CAP, wadda dokar Faransa ta 1919 ta tabbatar da ita. Nijar ta gaje ta bayan samun 'yancin kai a 1960, makarantun fasaha irin Lise Ɗan Kasawa ta Maraɗi suka riƙa shirya yara dominta da waɗanda suka fi ta. A shekarun 2010 an buɗe cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM a garuruwa da dama. Abin lura shi ne, CAP tun asalinta ba rubutu kaɗai ba ce. Ana ba yaro katako ko ƙarfe da zane da awo, a yanka masa lokaci, ya yi aikin a gaban alƙalai, cikinsu har da masu sana'ar. Turawa ma kafin lakkol haka suke: a ƙungiyoyin masu sana'a na Faransa da Jamus ba a kiran mutum gwani sai ya yi wani aiki guda da hannunsa, manya sun duba sun yarda. Watau abin da Sarkin Maƙera ke yi, shi suka sa wa hatimi.

Amfanin takarda shi ne tana tafiya. Ku da ke ci-rani kun fi mu sanin haka: mai gyaran wuta da ya iya aiki amma ba shi da shaida, ɗan ƙwadago ake biyansa. Aibinta kuwa, ana iya samunta hannu bai faɗa ba, in makaranta ba ta da kayan aiki, yara 30 suna jiran injin walda guda, ko kuwa an koyi aikin a allo da alli.

Da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Zinder a 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, samarinmu da yawa sun fara jin labarin yadda ake ɗaukar mai waldar bututu a ko'ina cikin duniya. Ko yana da takarda, sai an ba shi guntun bututu biyu ya haɗa, sa'an nan a yanka a lanƙwasa, ko a haska da na'ura a ga ko akwai rami a ciki. Ramin nan da ya fasa igwa a zamanin kakanninmu, shi ne dai ake nema har yau.

SHAWARARMU

Muna kawo wa taro mai zuwa waɗannan shawarwari, dattawa su duba su gyara.

1. Duk yaron da ƙungiya ta biya masa kuɗin koyo, in ya dawo hutu ya yi aiki guda a gaban mutum uku: tsohon mai sana'ar, da ɗan ci-rani da ya san aikin zamani, da wanda zai yi amfani da abin. A duba awo, da ƙarko, da lokacin da ya ɗauka, da kayan da ya ɓata.

2. Cikin alƙalan kada a sa ubansa ko kawunsa.

3. Kafin a kai yaro wata makaranta ko wajen wani maigida, wakilinmu ya je ya ga kayan aiki da idonsa, ya tambaya sau nawa a mako yaro ke taɓa su. A kuma yi maganar ranar yaye tun farko, kada yaro ya shekara bakwai yana wankin mota.

4. Samarinmu da suka ƙware a hannun maigida ba su da takarda, a taimake su su nemi hanyar zama jarrabawa, domin gwanintarsu ta bi su duk inda suka tafi.

Muna kuma roƙon iyayenmu maƙera da majema da magina da suka rage, su yarda a zauna da su a rubuta yadda suke gane aiki mai kyau, tun da sauran lokaci. Wanda ke da gyara ko ƙari kan wannan tarihi ya aiko wa magatakarda, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa zuriyarmu albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalam.