Sarin tumatirin gwangwani a kudancin Kaduna

Sarin tumatirin gwangwani shi ne sayen markaɗaɗɗen tumatir katan-katan, kamar yadda masu gidajen abinci da masu girkin biki ke yi a unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, irin su Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha. Ana samunsa a ƙananan leda mai giram 70 da kuma gwangwani, babbansa mai kilo 2.2, wanda ya fi sauƙi ga mai dafa dafaduka ko miya da yawa. Sai dai da zarar an buɗe gwangwani, ba ya daɗewa in babu firji.

Cinikin yana bin yanayi. Lokacin noman rani ɗanyen tumatir yana araha, amma da damina ta faɗi sai ya yi tsada, masu abinci su koma ga na gwangwani. A watan Mayun 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir.

A 2017 gwamnatin tarayya ta ƙara harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin ɗari. A jihar, kamfanin Tomato Jos yana sarrafa shi a ƙaramar hukumar Igabi.