Allura da Alawayyo: Tarihin Masu Ɗinkin Likkafani

Yau zancen likkafani zan yi, tufar da kowa zai sa amma ba mai ɗinka wa kansa ita a ranar. Kalmar daga Larabci muka aro ta, al-kafan, kamar yadda muka aro littafi da liman. Shi dai yadin, da hannun da ke ɗinka shi, tarihinsu na nan gida ne.

Kafin zuwan Turawa, ba a shago ake yanko likkafani ba. Mata su gurje auduga, su shiɓe, su kaɗa zare a mazari, masaƙi ya saƙa fari siriri wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. To ka ga mai karatu, kafin a sami abin da zai rufe babban mutum sai an jera ƙyallayen nan da yawa an harhaɗa su da allura. Ga shi kuma ba a jinkirta gawa. Mutum ɗaya ba zai gama ba kafin a gama haƙa kabari, dole maƙwabta su zauna a zaure kowa ya kama gefe. A ganina daga nan al'adar ɗinkin gayya ta samo tushe, ƙarancin faɗin saƙa ne ya tara mutane.

Keffi, wadda Abdu Zanga ya kafa wajen 1800, gari ne na kan hanyar fatake tsakanin Zazzau da Binuwai. Baturen Jamus Gerhard Rohlfs ya ratsa ta a 1867 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Ikko. Garin fatake kuwa garin mutuwar baƙi ne. Falke ya kwanta ciwo a masauki, danginsa suna Kano ko Katsina, tafiyar makonni. Wa zai suturta shi? Mai masaukinsa da mutanen zango. Haka abin yake a zangunan Hausawa har Kumasi, da Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. Mu da iyayenmu suka zo daga Maraɗi da sana'ar yadi, wannan ba labari ba ne a wurinmu. Kakana ba a garinsu aka rufe shi ba, kuma waɗanda suka ɗinka masa ba danginsa ba ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu.

Daga baya yadin Manchester ya cika kasuwa, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Akoko da alawayyo suka kori farin masaƙa, don sun fi faɗi kuma sun fi araha. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, aka yi shekaru ana rufe mutanen Arewa da audugar gonakinsu. Ta rufe a 2002, yadin Sin ya maye gurbi. Kowane sauyi ya rage aikin allura, amma bai kashe shi ba, saboda littattafan Malikiyya sun so a yi wa namiji guda 5, riga da rawani da zane da mayafai 2, mace kuma guda 7. Ko yadin ya kai faɗin daki, sai an fitar da wuyan riga, an haɗa mayafi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na karanta yadda Yahudawa suke yi. Su ma mutane ne da suka daɗe suna zaman baƙunci a ƙasashen wasu. Littafinsu Talmud ya kawo cewa akwai zamanin da tsadar sutura ta kai dangi su ajiye gawa su gudu don kunya. Sai wani shugaban malamansu, Rabban Gamliyel, wanda ya rayu kusan shekara 1,900 da suka wuce, ya yi wasiyya a rufe shi da farin yadi mara ado. Da babba ya yi, sai kowa ya bi. Tufafin suna kiran su takrikim: wando, riga, wata riga ta sama, abin rufe kai da ɗamara, sannan mayafi. Da hannu ake ɗinkawa, ba kalmasa, ba a ƙulla bakin zare, ba aljihu. Masu aikin ƙungiya ce ta sa kai mai suna Hebra Kadisha, wadda ta birnin Prag da aka tsara a 1564 ta zama abin koyi ga sauran na Turai. Duk inda suka yi sabon mazauni, maƙabarta da wannan ƙungiya suna cikin abin da suke fara kafawa. Yau kamfanoni ke yin yawancin tufafin, amma a Amurka akwai mata da suka koma taruwa suna ɗinkawa da hannu, kyauta.

Addini daban, hukunci daban, ban ce ɗaya muke ba. Mu muna da namu tarihin: Annabi (SAW) a fararen tufafi 3 na audugar Yaman aka sa shi, kuma Mus'ab ɗan Umair, wanda ya tashi cikin gata a Makka, da ya yi shahada a Uhudu mayafinsa bai kai ba, aka rufe kansa, ƙafafun aka sa musu ciyawa. Amma damuwar iri ɗaya ce, kada talaka ya ji kunya ranar da ya fi kowa rauni.

A unguwarmu har yanzu in an yi rasuwa za ka ga dattawa uku ko huɗu a kan tabarma, an yage yadi da hannu, an zaro zare daga jikinsa, ana ɗinki mai faɗin taki. Ba a biyan kowa. Sai dai duk masu furfura ne. Samari muna rige-rigen ɗaukar makara da haƙa kabari, 'yan agaji suna tsare hanya, amma kaɗan ne cikinmu suka san yadda ake auna mamaci da igiya, ko inda ake tsaga wuyan rigar. Wasu yanzu tela suke kai wa ya zuba a keke, wasu su sayi ɗinkakke a leda. Mahaifina yana ware bandir ɗaya na alawayyo a ƙarƙashin kanta wanda ba ya shiga lissafin ciniki, na baƙon da ya rasu ba shi da kowa ne. A bana sau biyu aka zo aka yanka daga ciki.