Gubar Aflatoksin a Rumbu: Abin da Ganye, Toka da Yumɓu Ke Iya Yi

Aflatoksin guba ce da wani nau'in fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa a jikin masara, gyaɗa da dawa, musamman idan an adana su da danshi. An gano ta a Ingila a 1960, bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 da suka ci ƙulin gyaɗa daga Brazil. Tana haddasa ciwon dajin hanta, kuma a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Girki na yau da kullum ba ya kashe ta.

Manoma sun daɗe suna zuba ganyen darbejiya, toka ko busasshen barkono cikin rumbu. Amfaninsu na farko shi ne korar ƙwarin da ke huda ƙwayar hatsi, domin ta waɗannan ƙofofi fumfuna ke shiga. Man kanumfari ma yana hana fumfuna yaɗuwa a gwaje-gwajen ɗakin bincike. Sai dai duk cikinsu babu mai cire gubar da ta riga ta shiga hatsi, abin da ake yawan mantawa.

Wani nau'in yumɓu da aka gwada a Ghana yana kama gubar cikin hanji kafin ta shiga jini, kuma ana haɗa shi da abincin dabbobi.

Tushen kariya dai shi ne shanya hatsi a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, har danshinsa ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, sannan a tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi kafin a zuba a buhu.