Yamaha AG100: tsohon babur ɗin shiga ƙauyukan Tamale

Yamaha AG100 babur ne da kamfanin Yamaha na Japan ya fito da shi a 1973 domin manoman Ostareliya. A arewacin Ghana, malaman gona da ma'aikatan lafiya sun daɗe suna hawan irinsa daga Tamale zuwa ƙauyuka, inda hanyoyi kan lalace da damina.

Injinsa mai silinda ɗaya ne, cc 97, iska ke sanyaya shi, giyarsa biyar, tankinsa na cin lita 11. Yana ƙona fetur tare da man inji, wanda famfon Autolube ke turo masa daga wani ƙaramin tanki na dabam.

Ba a yi shi don gudu ba. Ƙarfinsa yana ƙananan giyoyi, shi ya sa yake ratsa laka da yashi ɗauke da kaya. Sarƙarsa a rufe take, ƙurar hunturu ba ta saurin cinye ta, kuma yana da jak hagu da dama.

Yana hayaƙi fiye da ƙaninsa AG200 mai cc 196. Idan man ƙaramin tankin ya ƙare ba a lura ba, injin kan buga.